Albasar Kwaɗi da Sauyin Damina a Ƙasar Potiskum: Ƙaddara da Aikin Hannu

Albasar kwaɗi tsiro ce ta daji da ke fitowa a fadamu da bakin tafkuna, da duk wani kwari da ruwa ke kwanciya da damina ya janye da kaka. Masana tsirrai suna kiranta Crinum ornatum, kuma tana cikin tsirran da Hausawa da Fulani ke haɗawa a ƙarƙashin sunan gadali. A cikin ƙasa tana da kai mai ɓawo hawa-hawa irin na albasar miya, sai dai ya fi shi girma, kuma ba a cin sa saboda yana da dafi. Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa sai ta turo dogayen ganye masu kauri, sannan kara guda ya miƙe ɗauke da manyan furanni farare, kowane da ratsin ja a tsakiyarsa. Tana da 'yan'uwa a dajin Arewa. Akwai hatsin manoma, wato Pancratium trianthum, mai fure fari fat da ƙamshi, wanda ke buɗewa da almuru ya yi yaushi washegari. Akwai kuma albasar kura, wadda ta fi son tudu, takan fitar da dogon karan fure tun ganyenta bai fito ba. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya rubuta waɗannan sunaye a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya kuma faɗaɗa bayaninsu a wani littafin a 1937.

Rayuwar irin wannan tsiro a kan lissafin lokaci take. Wata bakwai ko takwas na rani yana kwance a ƙasa, ba ganye ba fure, yana cin ajiyar ruwa da abincin da ya tara bara. Idan damina ta faɗi, da wannan ajiyar yake yin fure cikin 'yan kwanaki, tun ciyawa ba ta rufe shi ba. Bayan haka ganyen ya shiga aikin mayar da abin da aka kashe, har zuwa ɗaukewar ruwa. Furen hatsin manoma yana da dogon maƙogwaro, kuma wani ƙwaro mai fiffike da ke yawon dare, mai dogon baki, shi ke kai wa ga zumarsa, a nan yake ɗaukar garin fure daga wannan ya kai wa wancan. 'Ya'yan albasar kwaɗi kuwa manya ne, cike da ruwa, ba sa jure bushewa. Ba a iya shanya su a ɗaure a tsumma kamar irin gero. Inda suka faɗi nan suke tsirowa, sai fa in ruwa ya kwashe su zuwa gaba. Ɗan tsiron kuma sai ya yi shekaru yana tara kai kafin ya fara fure.

Kowane tsiro yana da iyakar ƙasar da yake iya rayuwa, kuma a Afirka ta Yamma ruwan sama ne ya fi komai shata wannan iyaka. Potiskum tana zaune a wuri mai nuna haka a fili. Damina a nan takan kama daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba, ruwan shekara kuma yakan faɗa tsakanin milimita 600 da 800. Wanda ya nufi arewa, ta Gashuwa zuwa Yusufari da Machina, zai ga itatuwa suna raguwa, ƙaya tana yawa, har ya iske tuddan yashi na Tulo-Tulowa, inda ruwan shekara kan gaza milimita 500. Wanda ya nufi kudu, ta Fika zuwa kwarin Gongola, zai ga daji yana ƙara duhu. Tsiron fadama irin albasar kwaɗi yana samun wurin zama da yawa a kudu, amma idan aka yi arewa sai ya koma 'yan tsirarun kwaruruka da ke riƙe laima. A irin wannan gefe ne ake fara ganin sauyi.

Sauyin kuwa ba labarin gobe ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ruwan yankin Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka gwada da shekarun 1950. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 har yau dattawan Yobe suna lissafa shekaru da su. A wancan lokaci layin da ke nuna yawan ruwa a taswira ya gangaro kudu da fiye da kilomita 100, Tafkin Chadi kuma ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Tsirrai sun bi sahu. Wani bincike da Patrick Gonzalez ya wallafa a 2001 ya nuna cewa a arewa maso yammacin Senegal, tsakanin 1945 da 1993, iyakokin nau'o'in daji sun matsa wajen da ya fi laima da kilomita 25 zuwa 30, itatuwan da ke son ruwa suka mutu suka bar wa masu jure fari fili. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali daban. Nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Ambaliyar 2022 a Yobe da Jigawa, da fashewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumban 2024, sun zo a cikin wannan sabon yanayi. Zafi ma yana hawa: a ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Ga tsiro mai kai a ƙasa, jimillar ruwan shekara ba ita kaɗai ce magana ba. Yadda ruwan ya rarrabu ya fi muhimmanci. Manomi ya san ruwan yaudara, wanda ke sauka a watan Mayu a yi shuka, sannan sama ta ɗauke mako uku shukar ta ƙone. Manomi yakan sake shuka in yana da sauran iri. Albasar daji ba ta da wannan dama, don ta riga ta kashe ajiyarta a kan fure ɗaya. In haka ya maimaitu shekara biyu ko uku, kan yakan ƙanƙance ya daina fure. In furen ya fito a lokacin da ƙwaron daren bai ƙyanƙyashe ba, ba za a samu 'ya'ya ba. Ruwa mai ƙarfi kuma yana iya zaizaye bakin fadama ya tone kawunan, ko ya binne su da yashi. Waɗanda suka fi shan wahala su ne ƙananan, domin dole ɗan tsiro ya yi kai ya nutsa da shi cikin ƙasa kafin zafin bazara ya iso. Tsofaffin kawuna suna da juriya, suna iya ci gaba da fure shekara da shekaru a wurin da babu ƙarami ko ɗaya da ke tsira. Mai wucewa zai ga fure ya ɗauka lafiya lau, alhali wurin ya zama kamar garken da babu maruƙa a cikinsa.

Hasashen masana game da ruwan gaba ya rabu gida biyu. Da yawa daga cikin lissafe-lissafensu suna nuna cewa yammacin Sahel, wajen Senegal, zai ƙara bushewa, tsakiya da gabas kuma, inda Yobe take, za su iya samun ƙarin ruwa, musamman a ƙarshen damina. A kan ƙaruwar zafi kuwa bakinsu ɗaya. In ƙarin zafi ya rinjayi ƙarin ruwa, fadamu za su riƙa bushewa da wuri, iyakar albasar kwaɗi ta ja baya zuwa kudu. In ruwan ya rinjaya, wasu kwaruruka a arewa za su dace da ita, amma dacewar wuri daban, isa wurin daban. Wani nazari na 2011 a mujallar Science ya ƙiyasta cewa halittu a duniya suna matsar da mazauninsu da kimanin kilomita 17 a kowace shekara goma. Tsiron da 'ya'yansa ke faɗuwa a gindinsa, ya kuma yi shekaru kafin ya haihu, ba shi da ƙafar wannan tafiya. Saboda haka yana iya rasa ƙasa a gefe guda ba tare da ya samu madadinta a ɗaya gefen ba.

A nan ne tambayar addini ke shigowa, kuma tambaya ce da ake ji a majalisa da bakin kasuwar shanu duk lokacin da aka ta da zancen sauyin yanayi. Ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so. In wani fure ya ɓace daga fadamar Nangere ko ta Damagum, ai haka aka ƙaddara, mene ne na ɗan'adam a ciki? Rabin farko na wannan magana gaskiya ce da babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Kuskuren yana cikin abin da ake ɗorawa a kanta. Malaman tauhidi na mazhabar Ash'ariyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Borno da ƙasar Hausa, irin su Ummul Barahin na Shehu Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490, suna koyar da cewa babu wani abin halitta da ke da tasiri da kansa. Wuta ba ita ke ƙonawa da ikonta ba, Allah ke halittar ƙuna a lokacin da ta taɓa abu. Amma su ɗin dai suna koyar da cewa Allah ya gudanar da al'adarsa a kan wannan haɗuwa, kuma wanda ya cinna wuta a rumbun maƙwabcinsa zai biya, zai kuma amsa tambaya, domin aikin nasa ne ta fuskar kasabu, wato abin da bawa ya aikata da zaɓinsa. Malaman da ke bin tafarkin Ibn Taimiyya suna cewa Allah ya sanya wa sababai ƙarfi na gaske a ƙarƙashin ikonsa. Hanyoyin biyu sun saɓa a bayani, amma babu wadda ta sauke wa mai aiki nauyin aikinsa.

Ƙissar Sayyidina Umar a lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ta warware wannan ƙulli da misalin da makiyayi zai gane nan take. Da ya isa Sarg a hanyar Sham ya ji labarin annoba, sai ya yanke shawarar komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya amsa cewa daga wata ƙaddarar ake gudu zuwa wata, ya kuma kawo misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Ƙissar tana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Abin da take nunawa shi ne zaɓin mutum yana cikin ƙaddara, ba a wajenta yake ba. Fadamar da aka bari da wadda aka tone duk ƙaddara ce, amma mai fartanya ya san wadda ya zaɓa.

Akwai wani tsoro na daban da ya cancanci a girmama shi. Hadisin Hudaibiyya ya yi kashedi ga masu cewa tauraro kaza ne ya ba su ruwa, don haka wasu ke ganin cewa danganta sauyin damina da hayaƙin masana'antu ya yi kama da wannan. Malamai tun da daɗewa, ciki har da Imam Shafi'i, sun bambanta wanda ya ɗauki tauraro a matsayin mai saukar da ruwa da wanda ya ɗauke shi alamar lokaci. A kan wannan bambanci ne malaman ƙasar nan suke lissafa wa manoma taurarin damina, su ce an shiga Nasara ko Ɗarfa ko Jabha, ba wanda ya ce sun yi shirka. Mai auna iska ya ce iskar kabon ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, ya ce duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1.1, yana bayanin sababi ne, bai naɗa wa ruwa wani ubangiji ba. Sallar roƙon ruwa da auna ruwa ba sa karo. Aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku da abin da hannayen mutane suka aikata. Malaman tafsiri na farko sun fassara ɓarnar da fari da ƙarancin albarkar amfanin gona sakamakon saɓo. Malaman zamani, kamar waɗanda suka fitar da sanarwar Musulunci kan sauyin yanayi a Istanbul a watan Agustan 2015, sun ƙara da ɓarnar da ake iya aunawa. Fassarar biyu suna haɗuwa, domin haɗama da almubazzaranci saɓo ne, kuma ta hanyar sababi na zahiri suke cin ƙasa.

Sai dai hannayen ba ɗaya ba ne, kuma adalci ya wajabta a rarrabe su. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Bincike ya nuna cewa ƙurar farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka tana cikin abubuwan da suka tura hadarin damina kudu a shekarun fari. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba a ɗora wa rai kayan wani. Saboda haka wa'azin da zai ɗora wa talakan Yobe alhakin zafin duniya baki ɗaya ya yi masa nauyin da ba nasa ba, kuma neman da ƙasashe matalauta ke yi na a biya su asarar da aka ja musu nema ne na haƙƙi, ba bara ba. Amma akwai sababi na kusa da ke hannun mutanen gida. Tun da injinan ban-ruwa suka yawaita a farkon shekarun 1990, fadamu da dama sun koma gonakin rani har bakin ruwa. Garma tana tone kawunan, maganin feshi yana ƙone ganyen kafin ya mayar da ajiya, masu bulo suna kwashe laka, gari yana cin fili. Ga kuma masu haƙar gadali don magani ko don camfin tsarin dukiya, waɗanda sukan tumɓuke har ƙananan. Manomin da ke neman abincin iyalinsa ba abin zargi ba ne don ya nome fadama. Abin dubawa shi ne ko dole sai an nome ta ƙarƙaf. Tsiron da zafi ya matsa wa zai iya daɗewa in yana da mafaka. In an haɗa masa zafi da garma, ba shi da inda zai sa kansa.

Wani zai ce sauyi ba sabon abu ba ne, kuma ƙasar Yobe da kanta shaida ce. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8 wanda aka auna shekarunsa kimanin 8,000. A wancan zamani ruwa ya yi yawa a nan, Sahara ma tana da tafkuna da ciyawa. Tsirrai sun yi ta gaba da baya tun kafin a ƙera inji. Wannan gaskiya ne, amma bambanci biyu ya rage. Wancan sauyi ya ɗauki dubban shekaru, lokacin da ya ishi tsiro mai jinkiri ya bi ruwa daga kwari zuwa kwari, a cikin dajin da ba a yanka shi gona-gona ba. Na yanzu yana aukuwa cikin rayuwar mutum ɗaya. Na biyu kuma, wancan babu hannun kowa a ciki, don haka babu tambaya a kansa. Mutuwa ma tsohuwar aba ce, amma hakan bai taɓa wanke mai kisa ba.

Saura tambaya mafi wuya: me ya sa za a damu da tsiron da ba a ci, dabba ma ba ta kiwonsa? Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce amfani. Dangin albasar kwaɗi suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi, kuma daga wasu 'yan wannan dangi na ƙasashen sanyi aka samo galantamin, maganin da ake bai wa masu cutar mantuwa ta tsufa. Wannan hujja ce mai kyau, amma gajeriya ce, don tana nufin ranar da aka tabbatar tsiro ba shi da magani, ranar ya zama abin zubarwa. Alƙur'ani ya kafa darajar halitta a kan wani tushe daban. Aya ta 44 ta Suratul Isra'i ta sanar cewa kowane abu yana tasbihi ko da mutane ba sa fahimtarsa. Aya ta 19 ta Suratul Hijri ta siffanta tsirran ƙasa da cewa a kan awo suke. Haramin Makka ya zama misali a aikace: an hana yanke itacensa da cire ciyawarsa ta daji, ba a keɓe komai ba sai izhir, wanda Abbas ya roƙa saboda buƙatar maƙera da gidaje. Wato asali shi ne a bari, buƙata ce ke buɗe ƙofa gwargwadonta. Kiristocin ƙasar Potiskum ma suna da irin wannan a littafinsu, inda babi na 6 na Linjilar Matiyu ya sa furannin jeji cikin abin da Allah ke kula da shi. Halifancin ɗan'adam a bayan ƙasa riƙon amana ne, kuma mai riƙon amana ba ya zubar da abin da bai san amfaninsa ba.

Shari'a ba ta bar wannan a matsayin tunani kawai ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'i kusa da Madina, Umar kuma ya keɓe Rabaza. Fiƙihun Malikiyya ya san hurumin rijiya da na kogi, wanda ba ya halatta wani ya mallake shi ya cuci jama'a, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin filayen da ba su da mai su. Hurumi da burtali tsofaffin abubuwa ne a ƙasar nan, dagatai da masu unguwanni sun san yadda ake shata su. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Yobe ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, ya fi mayar da hankali ga dashen itace, alhali ƙananan tsirran fadama ba a dasa su daga gandun reno, kuma ba a iya adana irinsu a sito. Hanyar kiyaye su ita ce a bar su inda suke. Taku kaɗan a bakin kowace fadama da ba za a sa garma ko feshi ba ya isa ya riƙe kawuna masu yawa. Mai haƙar magani ya ɗauki babba ya mayar da ƙananan ya rufe ramin. Ɗaliban kimiyyar halittu a kwalejin ilimi ta tarayya da ke Potiskum da jami'o'in Damaturu da Gashuwa suna iya rubuta ranar da furen ya fara fitowa kowace shekara da wuraren da aka gan shi, su haɗa da abin da tsofaffin makiyaya da masu magani suka sani, domin da irin wannan rubutu ne za a gane ko iyakar tana matsawa, da kuma wajen da ta nufa. Hakimai da dagatai ke da ikon shata hurumin, limamai kuma ke da mumbarin da za su bayyana wa jama'a cewa barinsa yana cikin addini, kuma lokacin yin hakan shi ne kafin a raba filayen noman rani na bana.